Zannuwan Mastura

Duk wanda ya saba bin bakin layin dogo a Agege da sassafe ya san rumfar Hansai mai koko da ƙosai. Tun tana iya ɗaukar tukunya a ka ita kaɗai take zaune a wurin, har gwiwa ta fara ƙara, haƙoran gaba suka zube. 'Yan dako, da masu gadin da suka taso daga Ogba, da masu tura kura, duk a bencinta suke karyawa. Mace ce mai tsabta da kame baki. Ba a taɓa jin muryarta a faɗan famfo ba, kuma abin da take tinƙaho da shi ke nan a duniya, cewa ba wanda ya taɓa nuna ƙofarta da yatsa.

Da 'yarta Mastura ta rasu a farkon damina, Hansai ta gaya wa masu gaisuwa taifod ne. Ta faɗa wa na farko, ta faɗa wa na biyu, kafin a yi sadakar uku bakinta ya saba, yana faɗa ko ba ta sa shi ba. Masu gaisuwa su ce Allah ya jiƙanta, taifod ɗin bana ba kyau, su shafa fatiha su tashi. Ba wanda ya tambaye ta wane irin taifod ne wannan da ya fara ɗauke miji, sannan ya dawo ya yi ta cin matar a hankali har ta koma ƙashi da fata.

Ƙanjamau ne, kuma Hansai ta sani. Mastura da bakinta ta gaya mata, ranar da ta dawo ɗakin uwarta da akwati ɗaya da 'yarta Hanan bayan mutuwar mijin. Ta kuma gaya mata cewa da ciwon aka haifi Hanan, amma akwai ƙwaya da take sha kullum da safe, muddin ba a fasa ba yarinya za ta girma kamar kowa. Ita Mastura ta makara wajen fara nata maganin, shi ya sa take riƙe da na 'yarta kamar ranta. Ko a kwanakin ƙarshe, da numfashi ke mata wuya, maganar da take ta nanatawa ɗaya ce: "Inna, ko me za ki manta, ban da maganin Hanan."

Mastura 'yar fari ce, don haka tun haihuwarta Hansai ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Da aka kwantar da ita a asibiti ba a ga uwar a bakin gado ba, mutane suka ce kai, Hansai akwai kara, irin ta mutanen da. Ita kuwa ta bar su suka faɗa. Ta san ba kara ce ta hana ta ba. Ɗakin da aka kwantar da yarinyar ne ba ta so a gan ta a ciki.

Bayan rasuwar ba da jimawa ba ƙwayar Hanan ta ƙare. Hansai ta ɓoye robar a cikin kwallar da ke can ƙarƙashin jere. Maganin kyauta ake bayarwa, kuma ta san wurin. Amma wurin yana da ranarsa da bencinsa, a baranda, a fili, duk wanda zai wuce ɓangaren haihuwa sai ya ga wanda ke zaune. Ga kuma wata 'yar unguwarsu da ke sayar da abinci a bakin ƙofar asibitin. Ba sau ɗaya ba Hansai ta yi wa yarinyar wanka, ta yafa mayafi, suka je har inda danfo, motar haya, ke tsayawa, sai ta hango wata fuska da ta sani, ta ce wa Hanan ta manta wuta a murhu, su juya. Ta koma ba ta zuma da habbatussauda da rubutu. Kullum tana ce wa ranta sati mai zuwa.

A can ƙarshen layinsu akwai zauren Haoua, wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ta biyo mijinta fataucin goro tun tana amarya, ta tsufa a Agege ba ta saki harshen garinsu ba. 'Ya'yanta biyu ciwon ya ɗauke, ya bar mata jikoki. Kowace Laraba bayan azahar tsofaffin mata irinta suke taruwa a zauren, duk kakanni ne masu riƙon marayu. Suna bin teloli su roƙi ragowar ƙyallaye, su haɗa da tsofaffin zannuwa, su yanka, su jera, su ɗinke da hannu ya zama bargo. Wani a ba marayun gidan da ciwon ya shiga, wani a sayar a sayi hatsi ko a biya motar asibiti. Unguwa na kiransu tsofaffin faci. Idan aka ga bargon faci a kan igiyar shanya, an san abin da ya shiga gidan, ba sai an tambaya ba. Hansai kan tsallaka kwata ta bi ɗaya gefen titi idan za ta wuce zauren.

Da aka yi arba'in, ta buɗe akwatin Mastura. Ta ware sababbin turame biyu ta ajiye wa Hanan, sauran zannuwa da riguna da mayafai ta ninke ta rarraba wa maƙwabta sadaka, kamar yadda aka saba, don duk wadda ta ɗaura ta yi salla lada ya kai wa mamaciya. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ai ba a ƙin sadaka. Mafi kyawunsu, wata atamfa ruwan goro mai zanen mafici, ta kai wa Kalsum, wadda ƙofarta ke kallon tata, wadda suke aron gishiri da juna tun yaransu na rarrafe. Kalsum ta rungume zanen ta yi hawaye, ta ce da shi za ta yi sallar Juma'a. Ranar Hansai ta ji sanyi a ranta. Ta ce ashe asirinta a rufe yake.

Wata safiya tana tsame ƙosai, wani ɗan okada ya tsaya gefen rumfa, baƙo ne daga arewa, ko ƙurar garinsu ba ta gama fita daga maganarsa ba. Kafin a zuba masa koko ya zaro ƙyalle daga ƙarƙashin sirdi ya hau goge ƙafar babur. Hansai ta ga ruwan goro. Ta ga mafici. Ta ga 'yar ƙunar da ke bakin zanen, inda garwashin wannan murhu nata ya taɓa faɗawa.

Ta ce, "Ɗan nan, ina ka samu wannan?"

Ya ce, "A bola, Mama, nan bayan layinku. Wallahi da sauran ƙarfinsa. Mutanen Ikko ba su san darajar kaya ba. Da yawa ne ma, wasu a kwata na gan su, ruwa ya tafi da su."

Ba ta ce ya ba ta ba. Ta miƙa masa kokonsa, ta tsaya tana kallon kasko har ƙosan ciki ya yi baƙi, sai da wani ɗan dako ya ce, "Mama, yau gawayi za mu ci?" Ashe kowa ya sani. Duk wannan taifod da take ta rabawa, karɓa suke da hannu biyu kamar yadda suka karɓi zannuwan, su zagaya baya su yar. Da ta koma gida Kalsum na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce sannu da dawowa, Hansai ta amsa, ta shige ɗaki ta saki labule. Ta rasa wa ya kamata ya sunkuyar da kai a cikinsu.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, aka yi sallama a bakin labulen. Haoua ce, da jakar buhu mai ƙyalli a ka, tana haki. Ba ta jira an yi mata tayi ba ta sauke jakar a tsakiyar ɗaki, ta zauna bakin gado ta miƙe ƙafa.

"Wash, wagga gwiwa! Hansai, kayan ɗiyarki ne munka kawo miki."

Hansai ta leƙa waje ta ga ko wani ya ga shigowarta, sannan ta ce a hankali, "Na bayar sadaka, Haoua. Ba a maido sadaka."

"Ba mu munka maido ba. Bola ta maido, da kwata."

Ta zuge jakar. Ga su nan, a wanke, a goge da dutsen gawayi, a ninke kamar za a kai lefe. Atamfar ruwan goro na sama, da tabon baƙin mai da sabulu ya kasa fitarwa.

"Wancan sai da na ba ɗan babur tsohon tawul kafin ya saki. Haka muke yi. In anka yi irin wagga mutuwa, mun san ranar rabon kaya, mun san inda za su kwana. Sai mu bi mu tsince. Mun fi kaji sanin bolar Agege."

Hansai ta dubi zannuwan. Waɗannan matan da take tsallake kwata don kada inuwarsu ta taɓa ta, su ne suka sa hannu cikin ruwan kwata suka tsamo zanen 'yarta. Duk da haka bakinta ya yi abin da ya saba.

"Taifod ne ya kashe ta."

Haoua ta ce, "To. Nawa ma biyu shi ya kashe su. Shekara guda ina faɗin haka, har na rufe jika guda a kan taifod ɗin."

Sai ta juya wajen Hanan, wadda ke kwance a tabarma da rana tsaka ba ta fita wasa ba. "Ke 'yar budurwa, taho nan. An sace mini goro a hanya, buɗe baki in gani ko ke ce."

Hanan ta yi 'yar dariya ta buɗe. Harshenta da cikin kumatunta duk sun yi fari kamar an shafa kindirmo. Haoua ta daɗe tana dubawa, ta taɓa wuyan yarinyar, ta saurari tarinta.

"Yaushe rabonta da ƙwaya?"

Hansai ta ce, "Wace ƙwaya?"

Hanan ta ce, "Ta ƙare tuntuni. Inna ta ce za mu karɓo, amma kullum sai ta manta wuta a murhu."

"Wa ya sa da ke? Rufe mini baki!"

Tsawar ta fita da ƙarfin da ita kanta Hansai ba ta zata ba. Yarinyar ta koma tabarma ta juya fuska bango. Tun da aka haife ta kakarta ba ta taɓa yi mata tsawa ba, tsakaninsu sai tsokana, ita ta ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, kakar ta ce mata ƙawalliya mai cin bashin ƙosai.

Haoua ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ba mu sa almakashi ga kayan mutum sai mai shi ya yarda, shi ya sa na kawo. In kin so ki ajiye, naki ne. In kin so a yi wa ɗiyar nan bargo da kayan uwarta, Laraba muna zaure. Alhamis kuwa muna likita, da mu da jikokinmu, mota guda." Ta kai bakin labule ta waiwayo. "Kin ga bakin nan nata? Na taɓa ganin irinsa. Ba ya jiran mutum ya gama jin kunya."

Hansai ta tura jakar ƙarƙashin gado. Washegari ta dawo daga rumfa ta tarar Hanan ta jawo ta, ta baje zannuwan, tana ɗaukar wannan ta shinshina ta ajiye, ta ɗauki wancan. Ta ɗago ta ce, "Inna, sun wanke ƙamshin Umma." Hansai ta ajiye tukunya ta fita wai za ta ɗebo ruwa, ta tsaya bakin famfo bokiti na cika yana zuba.

Ranar Laraba ko koko Hanan ta kasa haɗiya. Ta kurɓa, ta yi kuka, ta ce yana yanka ta. Hansai ta zauna da kofin a hannu har ya huce. Da aka yi azahar ta ɗora jakar a ka, ta ce yarinyar ta hau bayanta. Da ta ɗaure goyon sai gabanta ya faɗi, don yarinyar da ta isa shiga aji biyu ba ta fi nauyin ɗan yaye ba. Ta bi lungu, ta bi bayan masallaci, ta bi ta wajen masu niƙa, amma duk wannan kewaye bai amfane ta da komai ba, domin zauren Haoua ƙofa ɗaya gare shi kuma titi take kallo. Ga mai shayi, ga tela a bakin kekensa, ga matasa a kan benci. Ta ja mayafi har hanci ta shiga, kamar akwai wanda bai san tafiyar Hansai mai koko ba a layin nan.

A ciki tsofaffi ne zagaye a kan tabarmi, bargo guda shimfiɗe a kan gwiwoyinsu, kowa riƙe da gefenta tana ɗinki. Tabarau biyu ne kacal a zauren, ɗaya an ɗaure ƙafarsa da zare, ana miƙa wa juna. Ƙamshin goro da man zafi ya cika wurin. Wata Bayarabiya mai jiki, Iya Sikira, ita ta fara ganinta.

"E kaabo, sannu da zuwa, Mama Koko! Sai yau? Mun daɗe da ajiye miki wuri, har tabarmar ta gaji da jira."

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma Hansai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sauke Hanan, Haoua ta karɓe ta ta kwantar a kan cinyarta, ta aika a dama kunu mai ruwa-ruwa a bar shi ya huce.

Aka buɗe jakar. Mariama, wadda ta fi kowa tsufa, idonta ya tafi, ita ke shafa kowane zane da yatsu ta faɗi wanda zai zauna kusa da wane, mai kauri da mai kauri, mai laushi da mai laushi, don kada wanki ya ja wani ya yage wani. Hansai ta miƙa hannu za ta ɗauki almakashi, Iya Sikira ta doke hannun.

"A'a! Uwa ba ta yanka kayan ɗanta a nan. Hannu zai yi rawa, ki ɓata mana ƙyalle, ki jiƙa shi da hawaye, mu rasa na faci. Ni zan yanka naki, yadda Mariama ta yanka nawa tun tana gani." Ta shimfiɗa atamfar ruwan goro, ta buɗe almakashi. "Kafin a yanka sai an faɗi suna an yi fatiha. Sunanta?"

Hansai ta dubi tabarma.

"'Yar fari ce," ta ce.

Matan Hausawa suka gyaɗa kai, sun gane. Iya Sikira kuwa ta tafa hannu. "Ku Hausawa da abinku! Ku haifi ɗa ku yi ta gudun sunansa. Mu namu sunan muke yarwa mu ɗauki na ɗan fari. Wa ya san sunana a Agege? Ko mai gidan haya bai sani ba. Sikira ta tafi ta bar ni da sunan a ka, duk wanda zai saya mini barkono sai ya tuna mini ita."

Haoua ta ce, "Bar ta, Iya, kowa da tashinsa. Ni in faɗa." Ta ɗaga hannu. "Mastura ɗiyar Hansai. Allah shi jiƙanta, shi sa ciwon da ta sha shi zama kaffara."

Suka shafa. Almakashi ya shiga zanen da wata ƙara mai kauri. Hansai ba ta yi kuka ba, amma ta tuna yadda yarinyar nan ta kwanta a asibiti tana kallon ƙofa, mutane kuma suna yabon karar uwarta.

Aka matsa mata wuri a da'irar, aka ɗora mata gefen bargon a gwiwa, aka ba ta allura da zare a ciki. Mariama ta lalubo wani yanki na farar shadda ta miƙo mata, ta ce ta haɗa da wanda ke gabanta.

"Na wa ne?" in ji Hansai.

"Na ƙaramin ɗan Haoua. Rigar angoncinsa ce."

Kafin ta san abin da take yi yatsunta sun janye. Ƙyallen ya faɗi, gefen bargon ya zame daga gwiwarta. Ta ma goge hannun a zanenta. Ita da ta yi jinyar mai ciwon a ɗaki guda, ita da aka gaya wa tun farko ba a ɗauka ta tufafi ko ta kwano.

Mariama ba ta gani, amma ta ji bargon ya saki. "Wa ta saki nata gefen?"

Haoua ta gani sarai, ta sunkuya tana ba Hanan kunu da cokali kamar ba ta gani ba. Duk fushin da Hansai ta kwana tana dafawa a kan Kalsum ya zube nan take, don ga hannun Kalsum nan a jikinta, a ƙarshen damtsenta. Ta sunkuya ta ɗauki shaddar, ta shimfiɗa ta a cinya, ta lallashe ta da tafin hannu.

"Ni ce, Yaya Mariama. Zamewa ya yi."

"To riƙe da kyau. In guda ta saki, ɗinkin kowa ke karkacewa."

Ta yi ɗinki har la'asar sakaliya, kanta a ƙasa. Layinta ya fito a karkace, Iya Sikira ta ce kamar hanyar ɗan giya, sai an warware. Ba a warware ba.

Ranar Alhamis da hantsi suka hau danfo, tsofaffi huɗu da jikokinsu, kwandasta na ta ihun a matsa. Hansai ba ta kunna murhu ba ranar. A bakin asibitin mai abincin nan 'yar unguwarsu ta ɗago daga tukunya, ta dubi Hansai, ta dubi Haoua, ta dubi yarinyar da ke goye, ta ce, "Ina kwana, Inna Hansai," da wata murya mai laushi fiye da kima. Hansai ta amsa ta wuce.

Suka zauna a bencin barandar, a fili, masu wucewa ɓangaren haihuwa na wucewa. Da layi ya zo kansu, suka tarar da wata nas da ta san Hanan tun zuwanta da uwarta. Ta ɗora ta a sikeli, ta duba, ta sake dubawa, ta buɗe bakinta, sai fuskarta ta canja. Ta tambaya da Yarabanci ina aka kai yarinyar nan duk watannin nan, an neme su a waya ba a samu ba.

Haoua ta yi caraf ta ce, "Arewa ta tafi da ita, gaisuwar mutuwa. Kwanan nan sunka dawo." Iya Sikira ta fara juya wa nas maganar zuwa Yarabanci.

Nas ta ce to a can an ba ta magani? Wane iri? A gaya mata gaskiya, don da shi likita zai san abin da zai rubuta.

Hansai ta tsufa a Ikko, ba ta bukatar tafinta. Ga mutane a bayanta a benci, wasu Hausawa ne, tana jin numfashinsu. Ga ƙaryar an shimfiɗa mata kamar tabarma, hawa kawai za ta yi. Ta dubi ƙafafun Hanan a kan sikeli, sirara kamar sillen kara.

Ta ce da Yarabancinta na kasuwa, "Ba inda muka je. Muna nan Agege. Ba ta sha komai ba sai zuma da rubutu. Ni ce ban kawo ta ba, don kada a gan ni a nan."

Nas ta ajiye biro ta dube ta. Hansai ta jira faɗa, ta ma so a yi mata, da ta ji sauƙi. Matar ba ta yi ba. Ta ce kawai, "Mama," ta girgiza kai, ta kama hannun Hanan ta shige da su wajen likita.

An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ba da maganin baki da na tari, ya ba da ƙwayar, amma ya ce ba zai ɓoye mata ba, tsayawar da aka yi ta ba ciwon dama, mai yiwuwa wannan ƙwayar ba za ta ƙara riƙe shi kamar da ba, sai sakamakon jini ya fito za a sani. Ya ce daga yau ko rana ɗaya kada a tsallake. A danfo wajen dawowa Haoua ta ɓare goro ta miƙa wa Hansai rabi.

Washegari ta fito rumfa da Hanan, ta shimfiɗa mata buhu a gefe inda hayaƙi ba ya kaiwa. Labari ya riga ta fitowa. Yaran da ke zuwa da kwanuka daga gidajen layin ba su zo ba, ta hango 'yar Kalsum ta wuce da kwanonta wajen mai kokon tsallaken titi, tana tafiya tana kallon ƙasa. Masu gadi biyu ne kawai a benci, da wani tsohon ɗan dako.

Rana ta ɗaga, lokacin ƙwaya ya yi. Mai na kan wuta, ba mai tsare mata kasko ta koma ɗaki. Ta kwance bakin zane ta fito da robar. Ta zuba koko mai sanyi a kofi ta durƙusa gaban yarinyar.

Ɗaya daga masu gadin ya ce, "Mama, yarinyar ba lafiya ne?"

Hansai ba ta juyo ba. "Ba lafiya. Ciwon uwarta ne. Amma tana shan magani."

Mutumin ya dubi kofin da ke hannunsa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ajiye shi da sauran koko a ciki, ya ce ya tuna ana jiransa. Ɗan'uwansa ya bi shi. Tsohon ɗan dakon bai ɗago ba, ko bai ji ba ne ko ya ji, ya ci gaba da tsoma ƙosai yana ci.

Hanan ta haɗiye da ƙyar, ta yamutsa fuska, hawaye ya taru a idonta. "Da ɗaci, tsohuwa."

"Na sani, ƙawalliya. Buɗe in gani ta wuce."

Ta buɗe. Ta wuce. Hansai ta ɗaure robar a bakin zane, ta kwashe kofunan da aka bari ta zubar da sauran kokon a kwata, ta koma kan kasko, ta ci gaba da saka ƙullu a mai.